Safaya a ƙarƙashin ɗaki mai tafiya

A Turai akwai mutanen da ke sayen motar ɗaukar kaya, irin doguwar nan mai rufaffen bodi, su kai ta wajen masu aikin ko su zage damtse su yi da hannunsu, su mai da cikinta ɗaki. A shimfiɗa katako a ƙasa, a lulluɓe bango da abin tare sanyi, a kafa gado can baya, a sa murhun gas da firji da wurin wanke-wanke, wani ma har da ɗan banɗaki. Al'adar ta daɗe. Tun farkon shekarun 1950 kamfanin Westfalia na Jamus yake yi wa ƙananan bas-bas na Volkswagen irin wannan aiki. A yau motar da aka fi ginawa a kanta ita ce Fiat Ducato, wadda ake ƙerawa a Atessa ta ƙasar Italiya tun 1981, tare da 'yan'uwanta Peugeot Boxer da Citroën Jumper, sai kuma Mercedes Sprinter da Ford Transit. Duk wanda ya san J5 ɗin nan mai dakon tumatir da albasa a hanyoyinmu ya san kakar gidan, don ita da Ducato ta farko masana'anta ɗaya ce ta fitar da su.

A cikin masu waɗannan motoci, waɗanda suka fi burge ni su ne waɗanda taya za ta fashe musu a gefen hanya, nesa da gari, su sauko cikin natsuwa, kafin a yi awa guda sun tashi. Mai kallo daga nesa zai ce ai canjin taya ne, yaron mota ma yana yi. Amma a nan akwai wani ƙulli. Kamfanin da ya ƙera motar ya tsara inda safaya za ta zauna da yadda za a sauke ta, ya rubuta a littafinta, a kan zaton cewa cikinta fanko ne. Daga baya kafinta da mai aikin famfo da mai aikin wuta suka zo suka gina gida a kan wannan tsari. Littafin motar bai san da zuwansu ba. Saboda haka gwanin wannan aiki sai ya san mota biyu a jiki ɗaya: wadda ta fito daga masana'anta da wadda ake kwana a cikinta.

A yawancin waɗannan motoci safaya tana ƙarƙashin bodi ne, a bayan tayoyin baya. A Ducato da danginta na 2006 zuwa yau, da kuma Ram ProMaster wadda ita ce Ducato ɗin Amurka, igiyar ƙarfe ce ke riƙe da ita, kuma da ita ake zurara ta ƙasa kamar guga a rijiya. Bakin abin murɗawar yana gefen dama, bayan tayar baya. Za ka haɗa wilsifana da ɗan ƙarfen ƙari da ke cikin akwatin kayan aiki, ka zura, ka yi ta murɗawa hagu har tayar ta taɓa ƙasa, ka ci gaba har igiyar ta saki sosai, sannan ka jawo tayar waje ka kwance ƙarfen da ya ratsa tsakiyar wilin. Sprinter tata hanyar daban ce. Ita safayarta a cikin wani kwandon ƙarfe take kwance, ƙugiya biyu na riƙe da shi. Sai ka buɗe ƙofofin baya, ka ɓamɓare wasu 'yan murafai biyu na roba a bakin dokin ƙofa, ka sassauta notin da ke ƙarƙashin kowanne kamar sau ashirin, ka ɗan ɗaga kwandon ka cire ƙugiyar hagu, ka zura sandar jak a wani ɗan bututu da ke gefen dama ka ɗaga da ita, ka cire ƙugiya ta biyu, ka sauke a hankali. A Transit ma ta ƙofar baya ake kaiwa ga ramin murɗa igiyar.

A nan ne aikin masu gini yake shigowa. Mutum ya shimfiɗa katakon ƙasa har bakin ƙofa, ya bi shi da leda mai kyau, ya rufe bakin da ƙarfe mai sheƙi, bai lura ya binne 'yan murafan nan biyu ba. Wani ya kafa marataya kekuna a ƙofar baya, sai an sauke kekuna ƙofa take buɗuwa. Wani ya sa ƙarfen jan tirela ya tokare hanyar da taya za ta fito. Akwatin jak da sifana a Ducato ƙarƙashin kujerar gaba yake zama, kuma nan ne wurin da masu gini suka fi sha'awar ajiye batir na biyu mai ba ɗaki wuta, don haka sai kayan aikin su yi ƙaura zuwa wani lungu, wani lokaci ƙasan gado, bayan kujerun zama da buhun gawayin gashi. Akwai ma waɗanda ke cire safayar ɗungurungum su rataya tankin ruwa ko na gas a gurbinta. Sababbin motoci da yawa kuwa tun daga kamfani ba safaya suke zuwa, sai gwangwanin ruwan liƙe huji da ɗan famfon iska. Wannan yana maganin ƙusa, amma idan dutse ya yage gefen taya ba abin da zai tsinana.

Ina ganin rabin gwanintar tana hannun mai ginin. Na ƙwarai kafin ya yanka katako ko ɗaya sai ya sauke safaya ya mayar, ya ga hanyar da take bi, sannan ya bar ƙofa a inda ake bukatar ƙofa: ɗan murfi da ake ɗagawa a katakon ƙasa daidai kan noti, tanki da aka matsar da shi taƙi ɗaya don kada ya rufe mazaunin jak. Ba wanda zai shigo motar ya yaba wannan ɗan murfi, idon baƙo yana kan fitilu da labule. Amma a wurina shi ne alamar cewa mai ginin ya yi tunanin daren da za a tsaya a gefen hanya ana ruwa.

Sauran rabin yana hannun mai motar, kuma a ƙofar gida yake farawa. Ba a fafe gora ranar tafiya. A ƙasashen da ake watsa gishiri a kan titi lokacin hunturu don narkar da ƙanƙara, duk abin da ke ƙarƙashin mota yana shan ruwan gishiri wata da watanni. Igiyar da ba a taɓa zurara ta ba shekara biyar tana iya cijewa, notin kwando ya haɗe da tsatsa. Masu kula sukan sauke safaya aƙalla sau ɗaya a shekara, a rana mai kyau, su goge igiya da noti su shafa giris, su auna iska, su karanta shekarun tayar. A gefen kowace taya akwai jerin rubutu da ke farawa da DOT, lambobi huɗu na ƙarshe su ne mako da shekarar da aka yi ta. Idan ka ga 2319, an yi ta a mako na 23 na shekarar 2019. Roba tana tsufa ko ba ta taɓa kwalta ba. Kamfanin Michelin yana ba da shawarar a riƙa kai taya a duba ta duk shekara idan ta kai shekara biyar, a canza ta idan ta kai goma, har da safaya.

Sai batun ko safayar ma ta motar ce. Ducato tana da wili iri biyu masu rami biyar-biyar. A ƙaramar, da'irar ramukan milimita 118 ce, a mai ɗaukar nauyi kuwa 130. A ido kusan ɗaya suke. Wanda ya sayi safaya ta hannu bai gwada ta a jikin motar ba yana iya yawo da ita shekaru, sai ranar bukata ya tarar ramuka ba su hau ba. Haka kuma wanda ya sa wilin alminiyam don ado alhali safayarsa ta baƙin ƙarfe ce. A Sprinter littafin motar ya yi gargaɗi a fili cewa wilin ƙarfe da gajerun notina ake ɗaure shi, dogayen na alminiyam suna iya zarcewa su lalata birki. Gwani yana da waɗannan gajerun a cikin 'yar jaka, kuma ya san inda jakar take.

Nauyi shi ne abin da ya raba wannan aiki da canjin tayar ƙaramar mota. Lasin tuƙi na gama-gari a Turai ya tsaya a kilo 3,500, kuma mafi yawan waɗannan ɗakuna masu tafiya dab da wannan iyaka suke rayuwa, kullum, ba kamar motar kaya da ke zuwa a cike ta dawo fanko ba. Shi ya sa ake yi musu taya ta musamman mai alamar CP, wadda ake hura ta baya har bar 5.5, wato 80 a gejin mai faci, fiye da ninki biyu na abin da ake sa wa ƙaramar mota. Taya ɗaya da wilinta tana kai kilo 25 ko ta wuce.

To, ga taya ta tafi, ta baya ta dama. Kalli yadda wanda ya iya yake yi. Ba ya taka birki da ƙarfi, yana barin motar ta rage gudu da kanta, ya lallaɓa har ya sami wuri mai tauri da ya daidaita, ko da zai ƙarasa kashe tayar a kan hakan. Ya kunna fitilun gargaɗi, ya sa rigar nan mai ƙyalli tun kafin ya sauko, wadda doka ce a Faransa da Italiya da Sifen. Ya fitar da kowa daga motar zuwa bayan shingen hanya, ya ajiye alamar kusurwa uku a nesa. Idan babbar hanya ce mai gudu kuma tayar tana ɓangaren da motoci ke wucewa, ba ya taɓa ta, masu agajin hanya yake kira. Sanin inda ba a aikin yana cikin sanin aikin. Idan wurin ya yi, sai ya rufe tukunyar gas. In tankin ruwa a cike yake kuma wurin ya ba da dama, ya buɗe masa ya zube, don lita ɗari kilo ɗari ce da jak zai huta da ita.

Daga nan sai waigi. Ya ja birkin hannu, ya sa giya ta ɗaya, amma bai dogara da su ba, kuma ya san dalili. Birkin hannu tayoyin baya yake kamawa. Ducato da tayoyin gaba take ja, don haka giya tana riƙe gaba, birki yana riƙe baya. Sprinter kuwa galibi da baya take ja, ke nan giya da birki duk a baya suke, da zarar an ɗaga bayan, tayoyin gaba ba abin da ke tsare su. Sai ya sa waigi gaba da bayan tayar da ke kusurwar da ta yi hannun riga da wadda ta fashe: in ta baya ta dama ce, ya tokare ta gaba ta hagu.

Akwai wata dabara da nake jin daɗin gani a nan. Taya in ta sace, wannan kusurwa ta motar takan zauna ƙasa, sai ya zama jak ba ya shiga, safaya ma ba ta da sararin fitowa daga ƙarƙashi. Masu irin wannan mota kusan duk suna yawo da wasu 'yan matakai na roba masu gangara, da suke hawa da taya don daidaita motar a wurin kwana, saboda gado kada ya karkace. Kafin ya sa waigi, gwani yakan ajiye ɗaya a gaban tayar da ta fashe, ya hau da ita a hankali. Motar ta koma kusan tsayinta na da, ba tare da an taɓa jak ba. Kayan kwana ya zama kayan aiki.

Safaya ake fara fitarwa, tun mota tana kan ƙafafunta huɗu. Wannan ba abin sassauci ba ne. Fitar da ita yana bukatar mutum ya durƙusa, ya miƙa hannu, wani lokaci ya kwanta ya tura kafaɗa ƙarƙashin bodi, kuma ba a shiga ƙarƙashin tan uku da rabi da ke tsaye a kan jak. Yakan shimfiɗa tsohuwar tabarma ko kwali, ya ɗaura tocila a goshi don hannayensa biyu su zauna a sake. Igiya tana sauka, yana sauraren ta. In ya ji ta yi tauri, ba ya tilasta mata, yakan mayar da ita rabin zagaye, ya fesa mai, ya sake gwadawa, don in ta harɗe a cikin gidanta to safayar ta zauna ke nan. Taya ta sauka, ya jawo ta da ƙugiyar sifana, ya kwance, ya buga ta da ƙasa ya ji iska, ya sa geji ya tabbatar.

Sannan notina, su ma tun taya tana ƙasa, rabin zagaye kowanne. A nan lissafi yana taimako. Notin Ducato mai wili inci 15 ana ɗaure shi da ƙarfin Newton-mita 160, mai inci 16 kuma 180. Na Sprinter mai wilin ƙarfe 240 ne. Ma'anar 240 ita ce kamar ka rataya kilo 24 a ƙarshen sanda mai tsawon mita ɗaya. In sifanarka santimita 40 ce kawai, sai ka danna da nauyin kilo 60 kafin noti ya motsa, ban da abin da tsatsa ta ƙara, ban da abin da bindigar iska ta gareji ta ƙara. Shi ya sa za ka ga mace mai shekara saba'in, marar jiki, ta kwance notin da ƙato ya kasa: ita tana da doguwar sanda mai soket da ya zauna daram a kan noti, tana danna ta ƙasa da nauyin jikinta, ba tsalle, ba fizga. Tsalle a kan sifana shi ke cinye kan noti, kuma noti in kansa ya cinye, aikin ya fi ƙarfin gefen hanya.

Jak yana da mazauninsa a jikin shasi, wurin da aka ƙarfafa don wannan aiki, kuma littafin motar ya nuna shi. A motar da aka gina, kusa da wannan wuri za ka iya tarar da tankin ruwan wanke-wanke, da bututun hita, da matakalar shiga, kowanne yana kama da abin da zai ɗauki nauyi alhali ba zai ɗauka ba. Na ga masu shafa ɗan fenti mai haske a kan mazaunan jak guda huɗu don tocila ta same su nan take. Ƙarƙashin jak kuma sai katako mai kauri da faɗi, domin ƙasar gefen hanya, ko kwalta a rana mai zafi, tana lotsawa. Ƙafafun nan da wasu motoci ke saukewa a kusurwa don hana girgiza in an kwanta ba jak ba ne, ba a ɗaga mota da su. Gwani yana ɗagawa yana duba ko jak ɗin a miƙe yake. Da ya ga ya fara karkata, sai ya sauke ya sake zama, ko da saura kaɗan. Kuma yana tuna cewa taya mai iska ta fi wadda ta sace tsayi, don haka yakan mirgino safayar kusa ya gwada da ido, ya ƙara ɗagawa har a sami sararin yatsa biyu, ba fiye ba.

Wani lokaci an cire notina duka, wili ya ƙi rabuwa da mazauninsa saboda tsatsa. Gaggawa takan sa mutum ya yi ta harbin tayar da ƙafa, motar tana rawa a kan jak. Gwani yakan mayar da noti biyu sako-sako don kada tayar ta faɗo masa, ya sa guntun katako a gefen wili ya buga, ya juya tayar, ya sake bugawa, har ta saki. Da ta fito, sai ya kwantar da ita ƙarƙashin gefen motar, ta zama madogara in jak ya ci amana. Ya goge fuskar mazaunin da buroshin waya. Ba ya shafa mai a zaren noti, don ma'aunin ɗauri an yi shi ne a kan busasshen zare.

Ɗora sabuwar ita ce inda ƙarfi ke yaudarar mutane. Ducato da Sprinter ba su da ƙusoshin da ke tsaye a jikin mota da za ka rataya wili a kansu, notin ne da kansa yake ratsa wili ya shige. Ke nan sai ka riƙe kilo 25 a sama kana neman rami ya hau kan rami. Wanda ya iya ba ya ɗaga ta da baya. Yakan mirgino ta ta tsaya daidai, ya juya ta har ramuka su fuskanci juna tun tana ƙasa, ya zura sifana ko bakin shebur ƙarƙashinta, ya danna da hannu ɗaya ta ɗago wannan sarari na yatsa biyu, ya tura ta da ɗaya hannun ta zauna. Notin sama ya fara shiga, da yatsu, zagaye uku ko huɗu, don a tabbata zare ya hau daidai. Sauran su biyo, ana tsallake ɗaya ana kama na gaba da shi don wili ya kwanta ko'ina daidai. A sauke mota, sannan a yi ɗauri na ƙarshe da sifanar awo, wadda ke yin ƙas in an kai ma'auni.

Saura mayar da wadda ta fashe, kuma mutane da yawa a nan suke sakin jiki. Wilin alminiyam ba ya hawa igiyar Ducato sai da wani faifan ƙarfe na musamman, kuma tayoyin da aka ƙara wa girma don shiga daji ba lalle su shiga kwandon kamfani ba, abin da ke sa wasu rataya safaya a ƙofar baya. In ba ta shiga ba, to cikin ɗaki za ta kwana, da taɓonta da baƙin ƙurar birki, don haka masu shiri suna da babbar leda da igiyar ɗaure ta, kada ta zama abin jifa in an taka birki. In kuwa ta hau igiya, da hannu ake murɗa ta, ba da injin ɗaure noti ba, har sai alamar ruwan ɗorawa ta bayyana a ɗan tagar da ke jikin abin murɗawar. Sannan a kama tayar a girgiza ta da ƙarfi. Taya mai kilo 25 da ta suɓuce a babbar hanya tana iya kashe na baya.

Bayan tafiyar kilomita 50 gwani yakan tsaya a wuri mai aminci ya sake bin notina da sifanar awo, domin wili yana ƙara zama in ya yi tafiya, noti ya ɗan saki. A gari na farko mai shagon taya yakan kai wadda ta fashe. In huji ne a tsakiyar tafin tayar, a cire ta daga wili a duba cikinta a yi mata faci. In a gefe ne, ko an yi tafiya a kanta ba iska, sai sabuwa, mai lambar ɗaukar nauyi daidai da ta sauran: 116, alal misali, tana nufin kilo 1,250 a taya ɗaya, kuma ba a sauka ƙasa da abin da kamfani ya rubuta. Yakan tsaya a kan masu shagon su ɗaure da ma'auni, ya karɓi safayarsa, ya hura ta zuwa iskar tayar baya tunda rage iska ya fi ƙarawa sauƙi a gefen hanya, ya shafa wa igiya giris tun tana ƙasa, ya mayar da ita gurbinta.